Angona, Zo Ka Ara Mini Idonka

Ina gaishe da 'yan'uwa cikin sunan Ubangiji. Ni tela ce, ina zaune da iyalina a unguwar Birged a Kano, amma cibiyata tana wani ƙauye a ƙasar Sumaila. Iyayena Maguzawa ne, sun karɓi baftisma a cocin Katolika ina goye a baya. A taron Zumuntar Mata an sha tare ni da tambaya ɗaya: yaya na yi ɗana yake ɗaukar Littafi Mai Tsarki da kansa, ba wanda ya aike shi? Amsar ba ta tsaye a bakin ƙofar coci ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta. Kuma tun farko zan faɗa, ba ni na yi ba. Abin da ni na yi da hannuna saura kaɗan ya raba shi da littafin gaba ɗaya.

Ɗan farina ne, don haka kun san ba zan kama sunansa ba. A watan Satumba na 2019 ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, yana da shekara 12. Na je kasuwar Sabon Gari na sayo masa Littafi Mai Tsarki na Turanci, sabo fil, mai baƙin bango. Na kafa doka: sura ɗaya kowace rana, kafin a sa hannu a tuwon dare, a fara daga Farawa har a kai Wahayi.

Ina da dalilina. Gidan haya muke, mu da maƙwabta Musulmi, kuma zaman lafiya muke yi. Kullum da asuba ina jin yaran ɗakin da ke kallon namu suna tilawa, da yamma su rataya jaka su tafi Islamiyya. Ranar da babbarsu ta yi sauka ni na ɗinka mata kayan walima, na ci shinkafa, na taya uwarta murna da zuciya ɗaya. Amma da na koma ɗaki sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Yarinya 'yar shekara 13 ta sauke littafinta, nawa kuwa in ka ce ya buɗe Ishaya sai ya nufi Sabon Alkawari. Ga shi yaron Katolika a Kano ba ya rabuwa da tambaya. Wannan ya ce masa me ya sa kuke cewa Allah yana da ɗa, wancan, ɗan'uwansa Kirista, ya ce masa me ya sa kuke roƙon Maryamu. Tsoro nake ji kada a tare shi wata rana a same shi fanko.

Ya wuce Farawa, ya ja jiki ya wuce Fitowa, ya zo Littafin Firistoci ya cije. Wa zai ga laifinsa? Yaro ɗan shekara 12, shi kaɗai a lungu, da Turanci, yana fama da dokokin hadaya da na kuturta, ƙanshin miya yana dukan hancinsa. Lokacin ban ga haka ba. Da na ga yana ja da baya sai na kawo kuɗi: naira hamsin a kan kowace aya da ya haddace. Ya bi littafin yana tsince gajerun ayoyi, ya kawo mini Yahaya 11:35, inda Yesu ya yi hawaye, ya karɓi kuɗinsa, bai san ma a kan wa aka yi hawayen ba.

Da tsinken tsintsiya yake sa alama. Wata rana ina shara na buɗe littafin na ga tsinken yana inda na gan shi mako uku da suka wuce. Ashe buɗewa kawai yake yi ya zuba wa shafin ido har a kira shi cin abinci. Na yi masa faɗan da har maƙwabciyata ta leƙo tana ba ni haƙuri. Da na gaji na yi shiru, sai ya ce, kansa a sunkuye, murya can ƙasa: "Mama, ke ma ban taɓa ganin kina karantawa ba."

Na ɗaga hannu, sai hannun ya ƙi sauka. Gaskiya ya faɗa. Ba na fashin coci, ba na kwana ban ja rosari ba, amma nawa Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka ba mu ranar aurenmu, yana ƙasan akwati tare da zannuwan da ba na ɗaurawa sai da biki. Daga ranar na janye dokar. Ban janye ta don na gano wata hikima ba, kunya ce ta hana ni sake buɗe baki. Littafinsa ya koma kan kabad, ƙurar hunturu ta rufe shi.

A watan Maris na 2020 ƙanena ya kawo Inna, mahaifiyata, daga ƙauye saboda yanar ido. Ta kai ba ta gane fuska sai murya. Muna cikin zirga-zirgar asibiti cutar korona ta shigo, aka rufe makarantu, a watan Afrilu aka kulle Kano. Baban yara direban babbar mota ne, kullen ya rutsa da shi a kudu. Muka rage ni da Inna da yara biyu a ɗaki da falo, ga zafin bazara, ga ba wuta, ga ba ɗinki. Coci a rufe. Ban taɓa tsammanin zan ga Lahadi ta zo ta wuce ban ji ƙararrawa ba.

Inna ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba. Amma a ƙauyenmu Fada, wato limamin cocinmu, ba ya samun zuwa kowane mako, katikis ne yake tara mutane ya karanta musu karatun ranar, don haka ita a wurinta rashin Fada ba ya soke Lahadi. Ranar Lahadi 26 ga Afrilu ta tashi ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na coci, ta kafa ɗankwali, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki. Ta ce, "To, wa zai karanta mana?"

Katikis ɗinmu yana turo mana karatun kowace Lahadi ta WhatsApp. Na tono littafina daga akwati, yana warin kafur, na buɗe Luka sura 24. Ban gama aya biyu ba ta ɗaga hannu. "Ke dakata. Karatunki kamar mai bin bashi. Ina angona? Angona, zo ka ara mini idonka, nawa sun tafi yawo."

Kun san wasan kaka da jika. Da ni na kira shi da sai ya yi ta jan ƙafa. Ita kuwa yana dariya ya zo ya zauna a gefenta yana cewa, "Kaka, ni fa na sake ki tun bara." Ya karɓi littafin. Sai ga wata matsala da ban taɓa lura da ita ba: yarona da Hausa ya tashi, amma bai iya karanta ta ba. Makaranta da Turanci ta koya masa. Haruffa masu ƙugiya suna ta harɗe masa harshe, ya ce "kasa" inda ake nufin "ƙasa". Inna tana gyara masa da ka, don shekara da shekaru tana jin wannan labarin a bakin katikis. Ba ta yi masa tsawa ko sau ɗaya ba, sai dai ta ce, "Ango da tuntuɓe a gaban amarya? Sake."

Labarin almajirai biyu ne da suka kama hanyar Imuwasu bayan an gicciye Yesu, ya zo ya bi su suna tafe, ba su gane shi ba sai da ya gutsuttsura gurasa. Da ya kai ƙarshe Inna ta ce, "Tafiyar mil bakwai da mutum, ubangidanka, ka kasa gane shi? Me ya same su?" Ya ce bai sani ba. Ta ce, "Ai kai ne mai ido. Koma ka duba mini." Ya koma baya yana bi da yatsa har ya samo inda aka ce an rufe idanunsu. Ta gyaɗa kai ta ce, "Yana ce. Irin tawa. Mutum yana gabanka, kana jin muryarsa, zuciyarka tana ce maka ka san shi, ido ya ƙi ba da shaida."

Na ga yaron ya ɗago ya dube ta, ya sake duban shafin. A tsawon watannin da na yi ina tsare shi ban taɓa tambayarsa me ya gani a ciki ba. Tambayata ɗaya ce kullum: ka gama?

Washegari ba wanda ya ce masa komai, ya zo yana tambayata ko akwai wasu makafi a cikin littafin, yana so ya karanta wa Kaka. Muka samo Bartimawas a Markus sura 10, muka samo wanda aka haifa makaho a Yahaya sura 9. Na buga wa katikis waya, ya ce, "Ku karanta mata Tobit mana." Yaron ya sauko da nasa na Turanci, ya kaɗe ƙura, ya bi jerin sunayen littattafai sau biyu, babu Tobit. A nawa na Hausa kuwa ga shi nan. Sai a ranar na san cewa abin da na sayo masa ba bugun Katolika ba ne. Wata bakwai yana gidana ban sani ba.

Dararen Tobit ba zan manta da su ba har in koma ga Mahaliccina. Azumin maƙwabtanmu ya kama, in sun sha ruwa maƙwabciyata takan miƙo wa Inna kunun tsamiya da ƙosai. Bayan nan sai mu fito da tabarma, a kunna fitila mai caji in akwai caji, in babu a haska da waya. Sura 14 ne littafin. Mutum ne mai tsoron Allah a zaman bauta a Nineba, yana binne gawawwakin 'yan'uwansa da aka yasar. Wata rana ya kwanta a gindin katanga saboda zafi, kashin tsuntsaye ya faɗa masa a ido, farar yana ta rufe su. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, ɗan'uwana!" Tun daga nan ta ɗauke shi ɗan gida.

Amma a sura ta biyu suka ɓata. Matar Tobit tana aikin hannu tana ciyar da gida, waɗanda take yi wa aiki suka biya ta suka ƙara mata da ɗan akuya. Tobit ya ji kukan akuya ya ce na sata ne, ta mayar. Inna ta tashi zaune. "Ka ji namiji! Tana wahala tana ci da kai, an yi mata ihsani, ka ce sata?" Yaron ya ce, "Kaka, ai don ba ya gani ne, tsoro yake ji kada haram ta shigo gidansa." Ta ce rashin ido ba rashin kunya ba ne. Suka yi ta ja, shi yana kare Tobit yana komawa cikin ayoyi yana neman hujja, ita tana bayan matar. Ni da nake cin abinci da keken ɗinki na san ɓangaren da nake, amma na kama bakina, don ban taɓa jin ɗana yana gardama a kan Maganar Allah kamar yadda yake yi a kan ƙwallo ba.

Sannan Inna tana da wata dabara irin ta masu tatsuniya. Daidai inda labari ya ɗauko daɗi, nan take yanke shi. Tobiya, ɗan Tobit, ya kama hanyar Midiya karɓo kuɗin babansa, karensa yana biye, ga baƙon ɗan rakiya da ba su san mala'ika Rafayel ba ne, sun sauka a bakin kogi, wani ƙaton kifi ya yi tsalle ya nufo yaron, sai ta yi hamma ta ce, "Rufe, barci nake ji." Ya ce, "Haba Kaka, saura kaɗan!" Ta ce amarya ta gaji, sai gobe.

A daren na farka wajen ƙarfe ɗaya na ga haske a cikin gidan sauronsa. Na leƙa a hankali. Yana kwance rubda ciki, ya danne tocila da haɓa, littafina a buɗe a gabansa, leɓɓansa suna motsi. Na koma na kwanta ban yi tari ba. Hawaye suka cika mini kunne. Abin da faɗa bai ba ni ba, kuɗi bai ba ni ba, ga shi tsohuwar da ba ta san harafi ba ta same shi da hamma ɗaya. Da gari ya waye ban nuna na gani ba, kuma ina ganin wannan shirun yana cikin 'yan abubuwan da na yi daidai. Da na yabe shi a gaban mutane, da abin ya koma nawa.

Daren da aka kai sura 11, inda uwar Tobiya take zaune tana duban hanya, ɗan ya iso ya shafa wa babansa matsarmamar kifin nan a ido, yanar ta ɓare, tsoho ya rungume ɗansa yana kuka, muryar ɗana ta sarƙe ya kasa ci gaba. Inna ta lalubo kansa ta dafa. Can ya ce, "Kaka, da zan samu irin kifin nan." Ta ce, "Kai dai roƙa mini Allah ya buɗe gari. Wanda ya aiko Rafayel bai manta hanyar Birged ba."

Bayan Tobit sai tambayoyi suka ɓalle kamar ruwan Agusta. Wa Kayinu ya aura? Me ya sa Allah zai ce wa Ibrahim ya yanka Ishaku? In Yesu ya san Yahuza zai bashe shi, don me ya zaɓe shi? Da can amsata ɗaya ce, ba a yi wa Allah bincike. Yanzu na gane da wannan amsar muke kashe yara a wannan shekarun. Ɗan firamare zai karɓi abin da ka ba shi, amma ɗan shekara 12 zuwa 14 ya fara auna magana, in ka toshe masa baki zai ɗauka ba ka da amsa ne, ko kuma addinin ne ba shi da ita. Na koyi cewa, "Ban sani ba, rubuta." Na ba shi littafin rubutu guda, ya yi ta tarawa.

Da aka buɗe coci ya ɗauki littafin nan muka tsaya bayan Misa muna jiran Fada. Gabana yana faɗuwa, ina tsoron kada ya ga rashin kunya ne. Fada ya karɓa ya duba shafi biyu, ya jawo benci ya ce, "Zauna, malam." Ya bayyana masa cewa Littafi Mai Tsarki na Katolika littattafai 73 ne, 46 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo, na 'yan'uwa Kirista 'yan Furotesta kuma 66. Bakwai ɗin da suka bambanta su ne Tobit, Judit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabi na ɗaya da na biyu, suna cikin fassarar Girkanci ta Tsohon Alkawari da Kiristocin farko suka yi amfani da ita. Ya ba shi labarin Waliyyi Jerom da ya zauna a Baitalami yana fassara littafin zuwa Latin, wanda ya ce rashin sanin Nassi rashin sanin Almasihu ne. Wasu tambayoyin ya amsa, wasu ya ce su ma a makarantar fadanci sun kwana a kansu. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Mama, ki buɗe Luka sura 2 in kin je gida. Da aka nemi Yesu kwana uku yana ɗan shekara 12, a tsakiyar malamai aka same shi, yana sauraro yana yi musu tambayoyi. Kada ki hana shi."

Shi ne kuma ya ba mu shawarar da muke bi har yau. Karatun Lahadi a cocinmu zagayen shekara uku ne, shekarar Matiyu, ta Markus, ta Luka. Ya ce ranar 29 ga Nuwamba za a shiga ta Markus, mafi gajarta a cikin Bishara huɗu, sura 16 kacal. Mu riƙa karanta Bisharar gobe a daren Asabar, minti goma ya isa, kowa ya faɗi kalma ɗaya da ta tsaya masa. Amfanin wannan a coci na gan shi. Yaron da yake gyangyaɗi lokacin wa'azi sai ga shi yana zungurina da gwiwar hannu in Fada ya taɓo abin da muka yi gardama a kai jiya. Ni ma littafina bai koma akwati ba. Yana kan keken ɗinki, in na gama kafa hannun riga na karanta 'yan ayoyi, yara suna shiga suna fita suna gani.

An yi wa Inna aikin ido ɗaya kafin ƙarshen shekarar. Ranar da aka cire bandejin ta daɗe tana kallon jikanta, ta ce, "Ashe haka ka yi tsawo, ga baƙi kamar gindin tukunya. Da na gani da ban aure ka ba." Ya kawo littafin ya ɗora mata a cinya. Ta shafa shafin, ta ce ga su nan tana ganinsu rututu kamar tururuwa, amma har yanzu shi ne idonta.

Kada wata uwa ta karanta wannan ta ɗauka tun daga nan komai ya miƙe. A aji uku, ga jarabawa ga gidan kallon ƙwallo, ya yi wajen wata huɗu bai taɓa littafin ba. Harshena ya yi ta ƙaiƙayi. Na kai kukana gaban Allah, na ci gaba da nawa karatun a inda zai gan ni, daren Asabar kuma ban fasa shimfiɗa tabarma ba ko ni kaɗai ce. Ranar Larabar Toka, ranar da muke fara azumi, ya dawo da toka a goshi ya zauna a gefen tabarmar kamar jiya ya tashi. Ban tambaye shi inda ya shiga ba.

Matan da suke tambayata, abin da nake iya ce musu shi ne su duba gidansu, akwai wanda yake bukatar a karanta masa da gaske. Tsohuwa, ko marar lafiya, ko ƙaramin da bai fara makaranta ba. Yaro yana gane bambancin aikin da aka ƙirƙiro don a tsare shi da wanda in bai yi ba wani zai rasa. A fara masa da labari, Yusufu da 'yan'uwansa, Dauda, Daniyel, Tobit, da harshen da yake mafarki da shi, dokokin Firistoci za su jira shi. A kuma duba littafin kafin a biya kuɗi, in babu Tobit a jerin, ba namu ba ne.

Ita kuwa Auta, da take da shekara 8 lokacin kulle, yanzu ita ce a ƙaramar sakandare, kuma duk abin da ya kama yayanta ita bai kama ta ba. Ba ta son karatu da ƙarfi, ba ta son gardama, waƙa kawai take so, tana ƙungiyar mawaƙan yara. Na daɗe ina addu'a a kanta ina danne tsohon halina.

Inna ta koma ƙauye, amma duk daren Asabar ƙanena yakan kai mata waya, angonta ya karanta mata. Asabar uku da suka wuce ba ya gida, ya tafi kwana wurin abokinsa suna shirin jarabawa. Na ce mata yau sai dai ni. Ta ce, "Ke da karatun bin bashi? Ba ni kishiyata." Auta ta turo baki ta karɓi wayar. Inna ta ce ta gaji da labarin maza, a nemo mata na mata. Na buɗe mata Rut. Ta fara a daƙile, ta zo inda Na'omi ta ce wa surukanta su koma gidajen iyayensu, Orfa ta yi sallama ta juya, Rut ta manne mata. Muryar yarinyar ta fara sakewa ke nan, sai muka ji hamma daga cikin waya.

"Rufe, kishiya. Barci nake ji."

Auta ta ce, "Kaka, ba a gama ba fa!" Inna ta riga ta miƙa wa ƙanena wayar. Da safe na zo zan fara ɗinki na tarar littafina ba ya kan keke. Yana ƙarƙashin matashin Auta, da guntun ƙyallen atamfa a tsakanin shafuffuka, a sura ta 3.